Imani da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Mata Masu Sankarar Mama: Nazari a kan Yankin Bagauda, Kudancin Jihar Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dangantakar imani da lafiyar ƙwaƙwalwar mata masu fama da sankarar mama, sannan ta ɗora abin da ta gano a kan yanayin rayuwar yankin Bagauda, wato ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. An tattaro hujjoji daga binciken likitoci da na masana halayyar ɗan Adam, aka auna su da abin da malaman Musulunci suka rubuta a kan cuta da magani. Matsayar maƙalar ita ce, a cikin al'ummar da kusan kowa mai addini ne, yawan ibada ba ya bambance majinyaciyar da hankalinta zai kwanta da wadda damuwa za ta danne. Abin da ke bambance su shi ne fassarar da aka ba ciwon, da kuma wanda ya ba da fassarar. Maƙalar ta amsa suka guda huɗu, ta kuma ba da shawarar shigar da malamai cikin tsarin jinya bisa horo da iyakar aiki.

Muhimman kalmomi: sankarar mama, ciwon damuwa, tawakkali, haƙuri, Bagauda.

1.0 Gabatarwa

Sankarar mama, wadda jama'a suka fi sani da ciwon daji, ita ce cutar daji mafi yawa a tsakanin matan Nijeriya. Ƙiyasin cibiyar IARC ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa an samu sababbin masu cutar 32,278 a ƙasar, kuma 16,332 sun rasu. Babban abin da ke jawo wannan yawan mace-mace shi ne makara. Nazarin Jedy-Agba da abokan aikinta (2016) ya nuna cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na baƙar fatar mata a Afirka kudu da Sahara ba sa zuwa gaban likita sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu. Binciken McCormack da abokan aikinta (2020), wanda ya bi diddigin mata fiye da 2,000 a ƙasashe biyar, ya gano cewa kashi 36 cikin ɗari ne kawai na matan da aka duba a asibitocin Owerri da Aba suka rayu shekara uku bayan gano cutar, alhali fararen fata na Namibiya kashi 90 ne suka rayu.

Ciwon jiki irin wannan ba ya barin zuciya lafiya. Mitchell da abokan aikinsa (2011) sun tarar da ciwon damuwa a jikin kashi 16 cikin ɗari na masu jinyar daji da likitoci suka tantance ta hanyar hira, yayin da Pilevarzadeh da abokan aikinsa (2019) suka ƙiyasta kashi 32 a tsakanin masu sankarar mama a duniya. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: wace rawa imani ke takawa a tsakanin ciwon da damuwar, kuma me ya kamata masu kula da lafiya su yi da shi?

2.0 Farfajiyar Bincike

Yankin Bagauda ƙasar noma ce. Madatsun ruwa na Bagauda da Tiga sun ba mutanen Bebeji da kewaye damar noman rani, Tudun Wada ta yi suna da shinkafa, Doguwa kuma da masara da tsohuwar haƙar kuza ta Riruwai. Mafi yawan jama'a Musulmi ne mabiya mazhabar Malikiyya, akwai kuma Kiristoci Hausawa a ƙauyuka da dama. Abin da ya shafi batunmu kai tsaye shi ne nisan da ke tsakanin majinyaciya da ƙwararren likita. Macen da ke Doguwa sai ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada, ta iso Kwanar Ɗangora, daga nan ko dai ta yi arewa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, ko ta yi kudu zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Tafiyar Kano kaɗai ta haura kilomita 100. Kuma zuwa ɗaya ba ya isa. Maganin kemo akan ba da shi duk bayan mako uku har sau shida ko takwas, gashin na'ura kuma kullum ne na tsawon makonni, ƙwayar tamoxifen kuwa shekara biyar ko fiye ake sha. Kowace tafiya tana buƙatar izinin miji, da kuɗin mota, da mai rakiya, da wanda zai kula da yara da tukunya. Malamin unguwa kuwa a ƙafa ake zuwa wurinsa, malamar Islamiyya kuma har cikin gida take shiga. Wannan kusanci shi ne ya sa maganarsu ta fi ta kowa tasiri a kan yadda mace za ta fahimci abin da ya same ta.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Maƙalar ta bi hanyar bitar ayyukan da aka wallafa da ƙalailaice su. An ɗauki ra'in Kenneth Pargament na dogaro da addini a lokacin tsanani, wanda ya shimfiɗa a littafinsa na 1997, a matsayin mazubin nazari. An haɗa shi da ayyukan da suka bayyana tsarin magani a ƙasar Hausa, irin na Murray Last (1981) da Lewis Wall (1988) da Ismail Abdalla (1997), da kuma littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan yankin.

4.0 Abin da Hujjoji Suka Nuna

Pargament ya raba dogaro da addini gida biyu. Akwai mai gina zuciya, inda majinyaci yake ganin Allah yana tare da shi, yana neman ƙarfi wajen addu'a, yana kuma samun tallafin jama'ar ibada. Akwai mai rusa ta, inda yake ganin ciwon azaba ce, ko Allah ya juya masa baya, ko wani mugun abu ne aka turo masa. Ano da Vasconcelles (2005) sun tace bincike 49, suka tarar kashin farko yana tafiya da natsuwa, na biyu kuma da fargaba da damuwa. Binciken da ya fi kusa da batunmu shi ne na Hebert da abokan aikinsa (2009) a Amurka, wanda ya bi mata 284 masu sankarar mama. Sakamakonsa ya saɓa wa abin da mutane da yawa za su zata, domin dogaro mai gina zuciya bai nuna wata alaƙa a fili da ingancin lafiyar ƙwaƙwalwa ba, amma mai rusa ta ya yi hasashen ƙaruwar damuwa da raguwar jin daɗin rayuwa bayan watanni. Salsman da abokan aikinsa (2015), da suka tattara bayanan masu daji fiye da 39,000, sun gano cewa natsuwar da mutum ke ji a addininsa ta fi yawan ayyukan ibadarsa alaƙa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan aka haɗa waɗannan, abu ɗaya ya fito: illar mummunar fassara ta fi tabbata a hujja fiye da amfanin yawan ibada.

A ƙasar Hausa fassarori uku ne suka fi yawo a kan ciwo irin wannan. Ta farko ita ce jarrabawa da kankarar zunubi, inda ciwon yake zama alamar cewa Allah bai manta da baiwarsa ba. Ta biyu ita ce sakayya, wato mace ta koma tana lissafin abin da ta yi wa miji ko uwar miji ko iyaye har aka kama ta. Ta uku ita ce sammu ko jifa, kuma a gidan da ake da kishiya ba a wahalar samun wadda za a zarga. Duka ukun da harshen addini ake furta su, duka ukun ana iya samun su a zuciyar mace mai salloli biyar da azumin Litinin da Alhamis. Amma sakamakonsu ya sha bamban. Ta farko tana barin mace da mutuncinta da fatanta. Ta biyu tana ɗora mata laifi a kan ciwo. Ta uku tana raba ta da mutanen da za su yi jinyarta, tana kuma karkatar da kuɗin gida zuwa karya sammu, domin wanda ya yarda jifa ne ba zai ga dalilin zuwa Shika ba. A nan ne tsohuwar maganar nan ta cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura take samun gindin zama, har a ƙi yarda a ɗebi ɗan nama don gwaji.

Akwai wani ɓangare da takardun tambayoyin da aka tsara a Turai da Amurka ba sa kamawa, shi ne tsarki. Idan cutar ta yi nisa har ƙullutun ya fashe, gyambon yana zubar da ruwa da jini, yana kuma wari. Macen da aka tarbiyyantar a kan cewa salla ba ta yiwuwa sai da tsarkin jiki da tufafi za ta wanke zani sau da yawa a yini, ta sake alwala, ta tayar da salla, sannan ta ji damshi a ƙirjinta ta sallame. Daga nan sai ta daina zuwa Islamiyya saboda kunyar wari, ta daina fita biki da suna, ta fara shakkar ko ana karɓar ibadarta. Ciwo ya raba ta da jama'a, rashin sani kuma ya sa tana ganin ya raba ta da Ubangijinta. Alhali amsar tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Bebeji da Kiru. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana yadda marar lafiya zai yi salla a zaune ko a kwance, Muhtasar na Halil kuma ya yi bayanin shafa a kan ɗaurin rauni da rangwamen da aka yi a kan abin da ke zuba wanda kauce masa ke da wuya. Bayanin minti goma daga bakin malama zai iya cire wannan nauyi, abin da likitan tiyata ba shi da hurumin yi.

Haƙuri ma yana da fuska biyu. Mai zuwa dubiya zai ce: “Sannu, ya jiki?” Amsar da tarbiyya ta tanada ita ce: “Da sauƙi, alhamdu lillahi.” Ita ce amsar ko da macen ta kwana ba ta runtsa ba, ko da ta daina cin abinci, ko da tana fatan mutuwa ta zo ta huta. Idan ta yi kuka, sai a ce: “Haba Yaya, ina tawakkalinki?” Wannan al'ada tana da amfaninta, domin tana hana majinyaci zubar da girmansa, tana kuma tuna masa da Allah. Amma idan aka mayar da kowane kuka alamar raunin imani, to an rufe ƙofar da ciwon damuwa zai bayyana ta cikinta. Ma'aikaciyar jinya da ta tambaya sau ɗaya ta ji “da sauƙi” ta wuce gado na gaba, ba ta auna komai ba sai ladabi.

A ƙarshe akwai aure. Odigie da abokan aikinsa (2010) sun bi matan aure 81 da aka cire wa mama a asibitin koyarwa na Zariya. Bayan wata shida, kashi 67.9 cikin ɗari sun ce suna jin ba su cika mace ba, kashi 79 kuma sun ce kusantar aure ta ragu. Bayan shekara uku, kashi 38.3 an sake su ko sun rabu da mazajensu. Waɗannan alƙaluma daga asibitin da matan kudancin Kano ke zuwa suka fito, kuma suna nuna cewa tsoron tiyata ba jahilci ba ne zalla. Mace tana auna ranta da aurenta. Imanin da zai taimake ta a nan har da na mijinta, wato ko an karantar da shi cewa jinyar mata da riƙe ta a halin rauni ibada ce da za a tambaye shi a kanta.

5.0 Amsa ga Masu Suka

Suka ta farko ita ce mafi yawan waɗannan bincike a kan Kiristocin Amurka aka yi su, don haka ba za a ɗora su a kan Musulmar Tudun Wada ba. Gaskiya ne cewa ma'aunin yana buƙatar gyara. Tambayar ko mutum yana fushi da Allah, alal misali, Bahaushiya za ta amsa ta da istigfari, ba don zuciyarta ba ta cikin ƙunci ba. Amma asalin rabe-raben ba baƙo ba ne a ilimin Musulunci. Malamai sun daɗe suna bambance kyautata zato ga Allah da yanke ƙauna daga rahamarsa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambance baƙin cikin da ke da sanannen musabbabi da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya kuma ce na biyun yana buƙatar magani. Abin da ake buƙata shi ne a sake gina tambayoyin da kalmomin da matan yankin ke amfani da su, kamar zullumi da tunani da rashin barci da faɗuwar gaba.

Suka ta biyu daga likitoci take fitowa: addini ne ke jawo makara, saboda mata suna ɓata watanni a wurin rubutu da tofi da ruƙiya da kantin maganin Musulunci kafin su zo asibiti, don haka jawo malamai ciki ƙara wa matsalar ƙarfi ne. Ba za a musanta makarar ba. Amma Last (1981) ya nuna daga aikinsa a yankin Malumfashi cewa mutane ba sa riƙe tsarin magani ɗaya su yi watsi da saura, suna gwada wanda ya fi kusa da wanda aljihunsu zai ɗauka. Korar malami daga asibiti ba za ta kore shi daga unguwa ba. Kuma koyarwar addinin ba ta goyon bayan zama a gida. Hadisin da Buhari ya ruwaito yana nuna cewa kowace cuta an saukar da maganinta, kuma Halifa Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham a lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, ya kuma ɗauki wannan matakin a matsayin ɓangare na ƙaddara. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da kansa ya wallafa littattafai a kan magani. Tarihin Kano na kusa ma shaida ne. An dakatar da rigakafin shan inna a jihar a 2003 saboda zargin da ya samu goyon bayan wasu malamai, aka dawo da shi a 2004, kuma da sarakuna da malamai suka shiga aikin gadan-gadan aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna a watan Agustan 2020. A fannin ƙwaƙwalwa kuwa, gwajin Gureje da abokan aikinsa (2020) a Ibadan da Kumasi ya nuna cewa masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan lafiya a matakin farko.

Suka ta uku ita ce talauci ne tushen damuwar, kuma maganar imani hanya ce ta kauce wa nauyin da ke kan gwamnati. Wannan suka tana da ƙarfi. Macen da aka sayar da akuyoyinta da buhunan masararta, sannan kuɗin ya ƙare a zagaye na uku na kemo, ba wa'azi take buƙata da farko ba. Asusun tallafa wa masu cutar daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021, wanda asibitin Shika yake cikin cibiyoyinsa na farko, amsa ce ga wannan, kuma wajibi ne a faɗaɗa shi. Sai dai abubuwan biyu ba kishiyoyin juna ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na 2021, ta sa burin a gano kashi 60 cikin ɗari na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala tantancewa cikin kwana 60, kuma kashi 80 su ƙarasa magani. Ko an samar da kuɗi, macen da ta yarda sammu ne ba za ta zo da wuri ba, wadda damuwa ta karya kuma ba za ta ƙarasa ba. Bugu da ƙari, zakka da wakafi da gudummawar masallaci da coci su ne inshorar da ƙauye ya sani.

Suka ta huɗu ta masana hanyoyin bincike ce: wataƙila damuwar ce ke sa mace ganin Allah ya yi fushi da ita, ba ganin ne ke haifar da damuwar ba. Mai yiwuwa ne abin yana tafiya ta ɓangarorin biyu. Amma binciken Hebert ya auna fassarar tun farko, sannan ya ga sakamakon daga baya. Kuma ko da alama ce kawai, tana da amfani a aikace: duk macen da ta ce ciwonta sakayya ce ko jifa, ta cancanci a tantance ta don ciwon damuwa.

6.0 Shawarwari da Kammalawa

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau yana can arewa da birnin Kano, nesa da Doguwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta buɗe hanyar kai wannan kulawa matakin farko, amma ma'aikata ba za su wadata nan kusa ba. Don haka maƙalar ta ba da shawara huɗu. Na ɗaya, a riƙa yi wa kowace mai sankarar mama gajeren gwajin damuwa irin PHQ-9 da Hausa, a keɓe, ba a gaban miji ko mai rakiya ba, tare da tambayar yadda ita take fassara ciwonta. Na biyu, a horar da malaman Islamiyyar matan aure, da ƙungiyoyi irin su FOMWAN da zumuntar mata ta coci, a kan alamomin cutar, da fiƙihun marar lafiya, da alamomin damuwar da ke buƙatar likita. Na uku, a shata iyaka a fili: malami ba ya tantance ƙullutu, ba ya sayar da maganin daji, ba ya kuma hana tiyata, aikinsa addu'a da gyara fassara da tura mace asibiti a makon da ta faɗa masa. Na huɗu, limaman Juma'a na ƙananan hukumomin huɗu su fuskanci maza da huɗuba a kan izinin zuwa asibiti da haƙƙin matar da aka yi wa tiyata.

Hujjojin da aka bibiya sun nuna cewa imani yana iya zama kariya ga ƙwaƙwalwar mai sankarar mama, yana kuma iya zama ƙarin nauyi, gwargwadon fassarar da ta samu daga mijinta da malaminta da masu zuwa dubiya. Tunda fassara aba ce da ake koyarwa, ana iya gyara ta, kuma ana iya auna sakamakon gyaran. Mataki na gaba shi ne gwaji a fili, inda za a horar da malamai mata a wasu mazaɓu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, a kwatanta su da wasu, a auna abu uku: tsawon lokaci daga ganin ƙullutu zuwa ganin likita, yawan masu ƙarasa magani, da makin damuwa bayan wata shida da shekara ɗaya.